Ranar da Takobin Kilian Ya Ƙi Fita

Kilian mai kyandir, mijin ƙanwata Afra, sau ɗaya tak ya taɓa barin garinmu. Ya tafi babbar kasuwar kaka ta Frankfurt sayo kakin zuma, ya yi kwana tara, ya dawo babu kakin zuma ko na toshe kunne. Abin da ya shigo da shi a hammata littafi ne mai hotunan mutane biyu-biyu suna sara da suka da dogon takobi, irin wanda ake kamawa da hannu biyu. Ya kuma dawo da labarin cewa shi yanzu gwani ne.

A shagona ya fara sauke labarin. Ni ne wanzamin garin. Ni nake aski, ni nake cire haƙori, ni nake ɗinke wanda aka fasa wa kai, kuma duk mai son magana ta zaga gari kafin ƙararrawar yamma wurina yake kawo ta.

"Bartel, ka san yadda ake naɗa gwanin takobi a can?" in ji shi, yana gyara zama a kujerar aski. "Tsakiyar kasuwa ake tsai da mutum, gwanaye su yi ta fito masa ɗaya bayan ɗaya. In ya kai ƙarshe a tsaye, su ba shi takarda da hatimi."

Na ce, "Ina taka takardar?"

"Ba su ba ni ba. Kunya ta hana su."

"Kunyar me?"

"Ina cikin 'yan kallo babbansu ya kai sara. Na ɗaga murya na ce ƙafarsa ta hagu ba ta zauna daidai ba. Ya juyo ya dube ni, ya rasa ta cewa."

Daga baya wani mai amalanke da ke wurin ya gaya mini gwanin bai rasa ta cewa ba, sai dai abin da ya faɗa ba a maimaita shi a gaban mata.

Shirin Kilian babba ne. Majalisar gari za ta naɗa shi shugaban dakaru, zai buɗe makarantar takobi a filin kasuwa, 'ya'yan manya su taso tun daga Ulm su durƙusa masa, shi kuma ya rabu da kitse da lagwani har abada. Mutumin nan kuwa gajere ne mai tumbi, hannuwansa da ƙyar suke haɗuwa a kan cibiyarsa.

Ya nufi wurin Wendel maƙeri ya ce a ƙera masa takobi.

Wendel ya ce, "Dogon takobi na gaskiya, in ka kafa tsininsa a ƙasa, ƙotar a ƙirji take tsaya maka. Nauyinsa bai fi na kaza ba. Shi ya sa yake juyuwa a hannu."

"Na 'yan koyo ke nan. Nawa ya wuce hulata."

"Wa zai riƙa ɗaukar maka?"

"Ka ƙera, Wendel. Ba shawara na zo saye ba."

Wendel ya ƙera. Ranar da Kilian ya ɗauko shi a kafaɗa, sai da ya tsaya a kowace kwana ya nemi a ba shi hanya, kuma a ƙofar gidansa ya yi gwaji uku kafin ya gane sai ya shiga da baya.

Sai karatu. Kilian bai san harafi ko ɗaya ba, saboda haka bai san cikin mutum biyun da ke kowane hoto wanne ne gwani, wanne ne ake kashewa ba. Ya duba ya duba, ya yanke cewa gwani shi ne wanda ya fi kyan tufafi. Shi ya riƙa kwaikwayo, shafi bayan shafi. Sunayen tsayuwa huɗu kuwa da kunne ya kwaso su a Frankfurt: ta bijimin sa, ta garma, ta wawa, da ta rufi.

Da ta rufi ya fara, wadda ake ɗaga takobi sama da kai. A cikin shago ya gwada, ƙarƙashin kyandirori ɗari biyu da ya rataye a igiya suna bushewa, waɗanda coci ta sa a yi mata don bikin waliyyin gari. Ya ɗaga, igiya ta tsinke, kyandirori suka zubo masa kamar ruwan ƙanƙara. Ya taka ɗaya, ƙafa ta tafi, ya zauna a kan sauran. Afra ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu.

"Ita wannan kwanciyar, me ake ce mata a Frankfurt?"

"Shagon nan ya yi mini kaɗan, Afra."

"Shekara goma sha bakwai yana isarka."

A bikin shekarar da guntayen kyandir aka yi addu'a, limamin coci kuma ya yi wa'azi mai tsawo a kan girman kai, idonsa a wuri ɗaya.

Afra ta kore shi bayan gida. Can ma saran farko ya datse igiyar shanyar maƙwabciyarsu Walburga, wata bazawara mai kiwon dinya, kayan wankinta suka kwanta cikin taɓo. Kafin ta fito, babbar dinyarta ta ratso ta ɓular shinge ta tsaya tana kallonsa. Kilian ya ga dama ta samu. Ya yi tsayuwar wawa, wadda ake sauke tsinin takobi ƙasa, a bar jiki a buɗe don a yaudari abokin gaba ya kawo hari. Dinya ta amsa gayyata. Ta kama shi a cinya, ta murɗa, ta bi shi da dukan fiffike har ya yar da takobi ya shige masai ya ja sakata.

Walburga ta ɗora haɓa a kan shinge. "Maƙwabci, in ka gama da ita ka yi mini magana. Ina da zakara ma, ya daɗe yana neman abokin karawa."

Murya ta fito daga cikin masai: "Ja da baya ma darasi ne. Yana cikin littafi."

"To ka duba mini ko akwai shafin wanki, don kai za ka sake shi."

Bayan mako guda aka kawo mini shi da hannu naɗe cikin tsumma. Ya ga hoton da ake kama tsakiyar ruwan takobi da hannun hagu, don a sami damar soka tsini ta inda sulke ya bar kafa. Masu sanin abin matse ƙarfen suke yi gam don kada ya zame. Shi kuwa ya kama sako-sako, ya tura. Yatsu uku na ɗinke.

Na ce, "Kilian, ka koma kan kyandir tun kana da yatsun murza lagwani."

Ya ce, "Ka taɓa ganin gwani babu tabo? Ja zaren da kyau, ina so ya fito a gani."

Da abin ya tsaya nan, da dariya kawai za mu ci gaba da sha. Amma a ƙarshen kaka sai Barde Eberhard, mai gidan dutsen da ke kan tudu a hayin kogi, ya aiko wa majalisa takarda. Ya ce fadamar da shanun garinmu suke kiwo tun zamanin kakanni tasa ce, kakansa aro ya ba mu. Rabin garin nan da cuku yake ci. In babu fadama babu ciyawa, in babu ciyawa sai a yanka shanu kafin bazara. Barde ya ba mu zaɓi: ko yaƙi, ko a yi yadda magabata suke yi, kowane ɓangare ya fito da mutum ɗaya da dogon takobi, babu sulke, a kara har ɗaya ya ce ya sallama ko ya kasa cewa komai.

Majalisa ta yi kwana uku tana zama. Yaƙi dai ba wanda ya so. Da aka zo kan wanda zai tsaya, ɗaya ya tuna ciwon bayansa, ɗaya ya ce takobinsa yana wurin ɗan'uwansa a Augsburg, na uku ya ce ya yi wa Allah alkawarin ba zai zubar da jini ba sai bayan azumi, kuma bai faɗi azumin wace shekara ba.

Rana ta uku da azahar Kilian ya shiga mashaya, ya jingine takobinsa a bango, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Gari guda a rasa namiji ɗaya. Da ni aka tambaya, da tuni Barde yana neman gafara."

Bai lura da magajin gari Ortlieb ba, wanda ke zaune a lungu yana cin miyar kabeji. Ortlieb ya ajiye cokali.

"Maimaita, Kilian."

Kilian ya duba, ya ga idanu sun yi yawa. Ya maimaita, da ƙaramar murya. Kafin ya gama, Ortlieb ya rungume shi, aka kaɗa ƙararrawa, magatakarda ya rubuta, aka aika wa Barde amsa. Miyar kabejin ba ta huce ba aka gama komai.

Da yamma Afra ta zo shagona, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba.

"Yaya, za su kashe mini shi. Na san wawa ne, amma nawa ne. Ka je ka yi magana."

Na je. A gaban Ortlieb na cire hula na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan dinya ta kore shi. Gari duka ya sani."

Ortlieb ya ce, "Ni ma na sani, Bartel. Amma ka duba. In fadama ta tafi ta hannun mai kyandir, laifin mai kyandir ne. In ta tafi ta hannun majalisa, laifin wa ke nan?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Ko kai za ka tsaya? Ai kai ma da ƙarfe kake aiki."

Na mayar da hulata kai, na fito. Ban taɓa gaya wa Afra yadda hirar ta ƙare ba.

Kilian ya yi ta gaya wa mutane cewa da zarar Barde ya ji sunansa zai janye. Abin da muka ji maimakon haka shi ne Barde ya ɗauko wani tsohon soja mai suna Jost, wanda ya shekara ashirin da shida yana yaƙin haya daga ƙasar Swis har Bohemiya. Daga ranar abinci ya daina shiga Kilian, masai kuma ya zama ɗakinsa na biyu. Baki ne kaɗai bai rame ba.

"Shekara ashirin da shida bai mutu ba," in ji shi. "Wato a baya yake tsayawa."

Saura matsala ɗaya. Ƙa'ida ita ce kowa ya shigo fili da takobinsa cikin kube, sai an yi kira na uku a zare. Hannun Kilian bai kai ya zare nasa daga ƙugu ba, ko rabi. Sai ya shirya zai riƙe kuben a hannu, ya fizge ƙota, ya yi jifa da kuben gefe, abin ya yi kyau a ido. Amma kuben sabo ne, katako da fata, ya kama ƙarfen gam. Duk gwajin da ya yi sai Afra ta taka ƙarshensa da ƙafa kafin ya fito.

Da safiyar ranar na je gidansu da jakar allura da zare. Na tarar da shi a shago yana tsiyaya narkakken kitsen tunkiya cikin kuben, ludayi bayan ludayi, har ya cika. Ya zura takobin ciki, ya zare, ya fito sumul kamar kifi.

"Ka gani? Wannan dabara ko a littafi babu ita."

Na ce, "Wataƙila da dalili."

Bai saurare ni ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban yi tunanin komai ba, hankalina yana kan ko zarena zai isa.

Sanyin ranar ya kai ruwan rijiya ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe fadama. Majalisa ta ce sai an zaga da gwarzon gari ta kowace unguwa. Aka yi ta tafiya a hankali, masu busa a gaba, Ortlieb na biye da sarƙar sarautarsa, Kilian a tsakiya cikin rigar fata ta aro, takobi a kafaɗa. A kowace kwana a tsaya a yi jawabi. Karnuka suka fara bin mu tun daga layin mahauta. Kafin mu kai ƙofar gari sun kai ashirin, duk hancinsu a sama.

Kilian ya ce mini, "Har dabbobi sun san yau da abu."

A fadama an kewaye fili da igiya. Barde Eberhard yana kan doki cikin mayafin gashin kerkeci, ƙato, fuskarsa a murtuke. An ce ciwon ƙafa ya shekara biyar yana hana shi barci, kuma tun da ya kama shi ba wanda ya ga haƙorinsa. Jost kuwa yana zaune kan kututture yana cin burodi da albasa. Siriri ne mai furfura, kunnensa ɗaya rabi. Takobinsa ba shi da ado ko kaɗan, fatar ƙotar ta yi baƙi don riƙo. Ya tashi tsaye, babu gaggawa babu wasa. Afra ta kama hannun rigata ba ta saki ba.

Limamin coci ya rantsar da su. Mai shela ya yi kira na ɗaya, na biyu, na uku. Takobin Jost ya fito ban ma ga lokacin da ya zare ba.

Kilian ya riƙe kube da hagu, ya fizgi ƙota da dama. Shiru. Ya sake fizga. Ya sa kuben tsakanin cinyoyinsa ya ja da hannu biyu har fuskarsa ta yi ja. Kitsen nan da ya shiga da zafinsa ya sha sanyin unguwa bakwai, ya daskare ya zama dutse. Abin da Kilian ya kawo fili ba takobi ba ne, kyandir ne mafi girma da ya taɓa yi, da lagwanin ƙarfe.

Jost ya sauke nasa. "Maigida, ina jira."

"Salo ne, tsoho. Kada ka matso, ba na son in cuce ka."

"To."

Walburga ta yi magana daga bayan igiya: "A kira masa matarsa ta taka."

Ortlieb ya tsallako fili da gudu, ya ce wa Barde a yi haƙuri kaɗan, ƙaramar matsala ce ta kayan aiki. Ya kama ƙota, 'yan majalisa biyar suka kama ƙugun juna a bayansa. Wendel maƙeri da mahauta suka kama kube. Aka ja. Mai ciwon bayan nan shi ya fi kowa ƙarfi. Aka sake ja, hannun Ortlieb ya suɓuce, majalisar garinmu gaba ɗayanta ta kwanta rigingine cikin dusar ƙanƙara, bisa tsarin muƙami.

Wani sauti ya fito daga wajen Barde, kamar tari. Muka ɗauka fushi ne.

Jost ya soke takobinsa a ƙasa, ya tako, ya karɓi na Kilian, ya shinshina bakin kuben.

"Kitsen tunkiya," in ji shi. "Wa ya ba ka wannan shawara?"

"Sirrin gwanaye ne."

"Na ga mutum ya zo yaƙi ya manta takalmi. Na ga wanda ya zo a buge ya hau doki yana kallon wutsiya. Wannan ban taɓa gani ba." Ya juya wajen jama'a. "A kawo wuta. Ni ba na saran mutum hannu wofi, kuma sanyi yana shiga mini gwiwa."

Wata mai gasa tuffa ta kawo kaskon garwashinta. Jost da kansa ya riƙa juya kuben a kan wuta kamar mai gasa tsire. Kitse ya fara ɗiga, ƙamshi ya tashi, karnuka suka kutso ta ƙarƙashin igiya suna lasar ƙasa. Fatar kuben ta kama wuta, aka kashe da dusar ƙanƙara. Sai Jost ya ja a hankali, takobi ya fito yana zubar da mai daga tsini har ƙota. Ya miƙa wa Kilian ta wajen mariƙi.

"Goge hannunka tukuna."

"Ba a koya wa gwani."

Suka koma wurarensu. Kilian ya buɗe ƙafafu, ya karkatar da kai baya, ya ware hannuwa, ya turo ƙirji gaba, daidai yadda mai kyan tufafi yake yi a shafin da ya fi so. Jost ya tsaya yana kallonsa.

"Daga littafi ka koyi wannan?"

"Ka gane ta ke nan. Tsoro ya kama ka."

"Na gane ta. Haka mutum yake yi bayan an soke shi."

Jama'a suka fashe da dariya, har da mutanenmu, waɗanda shanunsu ke kan layin yanka. Kilian ya ji dariyar. Ya runtse ido, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi, ya kai wani sara na juyi da zai raba sa biyu in da ya samu sa. Ƙota mai kitse ta bar hannunsa. Takobin ya tashi sama yana walƙiya, ya wuce Jost da nisa, ya ɗebe gashin jiminar da ke hular Barde, ya faɗa kogi, ya fasa ƙanƙara, ya nutse. Muna tsaye muna jin ruwa yana ɓulɓul.

Kilian ya buɗe ido ya dubi hannuwansa. Jost ya tako, ya ɗora tsinin takobinsa a kan tumbin nan, a hankali kamar mai gwada ko burodi ya nuna.

"Me ka ce, maigida?"

Kilian ya durƙusa. "Na sallama. Ku ɗauki fadamar. Ku ɗauki shanun. Ku ɗauki shagon, da gidan, da littafin, har da matata in kuna so."

Afra ta saki hannun rigata.

"Na ji," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, amma har hayin kogi an ji.

A nan karnuka suka gama da na ƙasa, suka gano sauran kitsen yana jikin rigar Kilian. Suka rufe shi. Gwarzon garinmu yana birgima yana ihu a cece shi, karnuka ashirin suna lasarsa tun daga gemu har takalmi.

Tarin Barde ya dawo, ya ƙaru, sai muka gane dariya ce. Ya riƙe ciki, ya kwanta a wuyan doki, hawaye na zuba, ya zame ta gefe ya faɗo tim cikin dusar ƙanƙara yana ci gaba da dariya. Ni aka kira in duba shi. Babu abin da ya karye. Da ya sami numfashi ya sa aka zaunar da shi a kan kututturen Jost, ya kira Ortlieb.

"Fadama tawa ce. Kowa ya ji ya sallama."

Ortlieb ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ya sallama, majalisa kuwa..."

"Yi shiru. Shanunku su ci gaba da kiwo. Ba na son cukunku, ba na son komai naku. Abu ɗaya nake so. Kowace shekara, rana irin ta yau, mutumin nan ya zo nan da takobinsa da kitsensa, ya sake yin abin da ya yi, daga farko har ƙarshe. Da majalisa, da karnuka. Shekarar da bai zo ba, ku kwashe shanunku."

Ortlieb ya amince tun Barde bai rufe baki ba. Sai a hanyar gida ya tuna an ce da majalisa.

Kilian ya yi sanyin shekarar yana kwana a shago tsakanin tukwanen kitse, domin Afra ta ce tunda an bayar da ita, sai ta ji daga wanda aka ba. Sai da furanni suka fito ta buɗe masa ƙofa. A lokacin ne kuma masunta suka tsamo takobin.

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Mutane suna zuwa kallo tun daga Ulm. Jost yakan sauka a gidan Kilian kwana biyu kafin ranar, su ci su sha tare. An canza magajin gari sau biyu, kuma duk wanda aka zaɓa sai an fara gaya masa cewa cikin aikinsa akwai faɗuwa rigingine sau ɗaya a shekara. In Kilian ya yi atishawa a watan kaka, matan gari har layi suke yi a ƙofarsa da romo da bargo.

Jiya ya zo aski. Akwai wani baƙo mai fataucin gishiri yana jiran layi. Kilian ya kishingiɗa, na shafa masa kumfa, ya dubi baƙon ta wutsiyar ido.

"Bartel, gaya wa bawan Allahn nan. Shanun da ya gani a fadama, albarkacin wa suke ci?"

Aska tana hannuna, maƙogwaronsa yana gabana. Na nemi ƙaryar da ke cikin maganar, na juya ta ta kowane gefe, ban samu ba.

Na ce, "Albarkacinka."

"Da me na ƙwato fadamar?"

"Da dogon takobi," na ce. "Ɗaga haɓa, kuma ka daina motsi."